Tsakanin Karatu na Biyu da na Uku: Yadda Na Koyi Aiki a Wani Kwamitin Majalisar Wakilai

Hanyoyin da matashi ke bi ya sami damar koyon aiki a Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ke Abuja suna da dama. Wasu hukumar bautar ƙasa ce ke tura su, wasu ɗalibai ne da makarantunsu suka ba su takardar neman sanin makamar aiki, wasu ɗan majalisar mazaɓarsu ne ke ɗaukarsu a ofishinsa, wasu kuma ta shirye-shiryen ƙungiyoyi masu zaman kansu suke shiga, irin wanda cibiyar PLAC, mai bibiyar ayyukan majalisa da dokoki, ke gudanarwa da tallafin Tarayyar Turai. Ni ta ƙofar wata ƙungiya na shiga, bayan na kammala karatun kimiyyar siyasa da bautar ƙasa, a zamanin Majalisa ta 10, wadda aka ƙaddamar ranar 13 ga watan Yunin 2023. Na cika takardar nema ta intanet, na haɗa da shaidar karatu da ɗan gajeren rubutu a kan abin da nake fatan koya, daga baya aka kira ni ganawa. Tambayoyin da aka yi mini ba su wuce kundin tsarin mulki da al'amuran mazaɓata ba: wane ne ke wakiltata, wace matsala ce ta fi damun mutanen yankinmu, kuma shin maganinta yana hannun gwamnatin tarayya ne ko na jiha ko na ƙaramar hukuma.

Kafin a rarraba mu sai da aka yi mana bita. A nan aka maimaita mana abin da muka karanta a aji, amma a wannan karon da kundin tsarin mulki na 1999 buɗe a gaban kowa. Majalisar Dattawa tana da sanatoci 109, uku daga kowace jiha cikin jihohi 36 da ɗaya daga Babban Birnin Tarayya, ita kuwa Majalisar Wakilai mambobinta 360 ne. Sashe na 4 shi ya ba su ikon yin doka, sashe na 63 ya wajabta wa kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 54 kuma ya ce ba a zartar da komai sai kashi ɗaya cikin uku na mambobi sun hallara. An ja mana kunne a kan abubuwa biyu da ba a sassauci a kansu: takardun kwamiti amana ne, ba a ɗaukar hotonsu ba a yaɗa su, sannan mai koyon aiki ba ɗan jam'iyya ba ne a cikin ofis, ko da kuwa yana da katin jam'iyya a aljihunsa.

An tura ni sakatariyar ɗaya daga cikin kwamitocin Majalisar Wakilai da ke kula da harkokin noma. Kwamitocin majalisar sun haura 130, kuma kowanne yana da shugaba da mataimaki daga cikin 'yan majalisa, da kuma akawu da ma'aikatansa. Wannan bambanci na farko da na fahimta yana da muhimmanci ga duk mai shirin shiga wurin. Hadiman ɗan majalisa tare da shi suke zuwa, tare da shi kuma suke tafiya idan wa'adinsa ya ƙare ko ya faɗi zaɓe. Akawun kwamiti kuwa ma'aikacin dindindin ne a ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisa, ya ga majalisu sun zo sun wuce, kuma a wurinsa ne tarihin kowane fayil yake. Akawunmu mace ce da ta daɗe a aikin, mai ƙarancin magana, wadda kowa a ofis ke kira Hajiya. Ranar da na kai mata takardar turo ni, ta nuna mini tebur a kusa da kabad ɗin fayiloli, ta miƙo mini littafin rajista, ta ce: "Malama, duk takardar da ta shigo nan ki rubuta ranarta da wanda ya aiko ta da abin da yake nema. Wadda ba ta shiga littafin nan ba, a wurinmu ba ta zo ba."

Zama a tsakiyar Abuja ya fi ƙarfin aljihun mai koyon aiki, don haka a Mararaba na sauka wurin wata gwaggona, ina bin motar haya da sassafe zuwa Sakatariyar Tarayya, daga nan in taka zuwa ƙofar majalisa, inda ake duba katin shaida da jaka. Duk wanda zai nemi wannan aiki ya kamata ya fara lissafa kuɗin mota da masauki kafin ya amsa kira, domin na ga masu hazaƙa daga jihohi masu nisa da wannan lissafin ya kusan mayar da su gida.

Ayyukan farko ƙanana ne: rajistar wasiƙu, kwafar takardu a na'ura, jera fayiloli, kai saƙo ofishin shugaban kwamiti. A ranakun Talata da Laraba da Alhamis, waɗanda su ne ranakun da aka saba zama a zaure, aikina na safe shi ne in karɓo takardar jadawalin ayyukan ranar, wadda kwamitin dokoki da tsare-tsaren majalisa ke shiryawa, in bi ta layi-layi in ja alama a ƙarƙashin duk abin da ya shafi noma. Washegari kuma in duba takardar abin da aka zartar a zaman da ya gabata, in fitar da duk wani al'amari da aka miƙa wa kwamitinmu, tare da wa'adin da aka ɗiba mana. Idan ba wani aiki, Hajiya takan bar ni in hau benen 'yan kallo. Daga can ake ganin jami'in tsaron zaure ya shigo da sandar majalisa a kafaɗa, Kakakin Majalisa Tajuddin Abbas na biye, a yi addu'a, a amince da bayanan zaman baya, a karɓi koke-koken jama'a, sannan a shiga ayyukan ranar. Mafi yawan shawarwari da murya ake yanke su: masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ɗaga tasu, mai jagorantar zama ya buga guduma.

A can benen ne na gane wani abu da nake ganin ya kamata mutanenmu a gida su sani. Idan ɗan majalisa ya tashi ya gabatar da ƙudirin gaggawa a kan ambaliya ko lalacewar hanya, majalisa ta amince, abin da aka samu matsaya ce, wato kira ga ɓangaren zartarwa da ya yi wani abu. Ba doka ba ce, kuma ba kuɗi ba ne a hannun ɗan kwangila. Ƙudirin doka tafiyarsa daban ce, kuma doguwa ce. A karatu na farko sunansa kawai ake karantawa, babu muhawara. A karatu na biyu ake muhawara a kan manufarsa gaba ɗaya, idan ya tsallake sai a miƙa shi ga kwamiti. Daga wannan gaɓa zuwa karatu na uku kyamarorin talabijin ba su cika bin sa ba, alhali a nan ne ake taɓa kalmomin da za su hau kan mutane.

Ƙudirin da na fi yin aiki a kansa yana neman gyara wata tsohuwar doka domin a tilasta wa masu sayar da kayan noma, irin su iri da taki da maganin feshi, yin rajista da wata hukumar tarayya. Manufarsa mai kyau ce, domin duk wanda ya fito daga gidan manoma ya san abin da jabun magani ko gurɓataccen iri ke jawowa: mutum ya kashe kuɗinsa da ƙarfinsa, damina ta wuce, rumbu ya tashi fanko. Hajiya ta ba ni kwafin ƙudirin da na tsohuwar dokar, ta ce in zana jadawali mai gida huɗu. Gidan farko abin da tsohuwar doka ta ce, na biyu abin da ƙudirin ke son a mayar da shi, na uku ra'ayoyin masu ruwa da tsaki, na huɗu kuma shawarar kwamiti, wanda za a bari a buɗe har sai 'yan majalisa sun zauna. Ta gargaɗe ni da kada in taƙaita sashe ko in gyara masa lafazi a gidaje biyun farko, ko da na ga kuskuren rubutu ne, sai dai in ja alama in nuna mata. Aikin yana cin ido da haƙuri, domin sau da yawa bambancin tsohon sashe da sabo bai wuce a mayar da abin da hukuma "za ta iya" yi ya koma abin da "dole ta" yi ba.

Daga nan aka sa ranar sauraron ra'ayoyin jama'a. Muka buga sanarwa a jaridun ƙasa ana gayyatar duk mai sha'awa ya aiko da takardar ra'ayinsa, muka rubuta wa ma'aikatar da abin ya shafa da hukumominta da ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da masana daga jami'o'i. Takardu suka fara shigowa. Na ma'aikatu da manyan kamfanoni suna zuwa a ɗaure cikin bango mai sheƙi, lauyoyi sun tsara su, sun ambaci sashe da lambarsa, sun ma rubuto lafazin da suke so a saka. Irin waɗannan ba su da wahalar shigarwa a jadawali. Wasu kuwa dogon bayani ne na damuwa, ba tare da an ambaci sashe ko ɗaya ba, kuma aikin mai jadawali ne ya karanta ya gano inda kowace magana ta dace ta zauna. A ganina wannan shi ne wuri mafi nauyi da ake ɗora wa mai koyon aiki ba tare da an faɗa masa nauyinsa ba, domin jadawalin nan tamkar rariya yake: abin da ya bi ta cikinsa shi ne zai isa gaban 'yan majalisa, wanda ya tsaya a sama kuwa yakan ƙare a cikin fayil. Ɗan majalisa ɗaya yana cikin kwamitoci da yawa, ga zaman zaure, ga mutanen mazaɓa, don haka ba kowa ne zai zauna ya karanta tulin takardu daga bango zuwa bango ba.

Cikin takardun akwai wata da ta zo a ambulan mai ruwan ƙasa, shafi biyu da aka yago daga littafin rubutu na makaranta, an rubuta da biro da Hausa, an buga hatimin wata ƙungiyar ƙananan masu sayar da kayan noma ta wata kasuwar mako a Arewa maso Yamma. A ƙasan shafi na biyu akwai sa hannu kaɗan da dangwalen yatsa da yawa. Ba su yi adawa da rajista ba, hasali ma sun ce masu kawo jabu suna ɓata musu suna. Abubuwa uku suka roƙa. Sun ji cewa a hedikwatar hukuma za a riƙa yin rajistar, alhali jarin yawancinsu bai kai abin da za a kashe a tafiya Abuja da kwana a can ba. Sun roƙi a ba su lokaci kafin a fara kama mutane. Sannan sun nemi a rage tarar da aka tanada. Na koma ga ƙudirin na duba, na tarar lalle sashen rajista ya ambaci babban ofishin hukumar ne kaɗai, kuma babu wani sashe da ya tanadi wa'adin shiri ga waɗanda suka riga suke cikin sana'ar.

Na kai wa Hajiya takardar na ce: "Ranki ya daɗe, wannan da Hausa aka rubuto ta, kuma ba su ambaci sashe ba, amma maganarsu ta faɗa kan sassa uku." Ta ce in mayar da ita Turanci gaba ɗayanta ba tare da ƙari ko ragi ba, in liƙa asalin a bayan fassarar, in sa hannu a matsayin wadda ta fassara, sannan in shigar da kowace buƙata a gaban sashenta. Ta kuma sa a kira lambar da ke kan hatimin a gayyace su zaman. Ba na ɗaukar wannan a matsayin alfarma da aka yi musu. Sashe na 55 na kundin tsarin mulki ya ce za a gudanar da ayyukan Majalisar Ƙasa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. A aikace da Turanci ake komai, amma ɗan ƙasa da ya rubuto da harshensa bai yi abin da ya saɓa wa tsari ba.

Ranar sauraro tun da safe muka jera kujeru da allunan suna a ɗakin taro, muka ajiye rajistar mahalarta a bakin ƙofa, aka ba ni aikin rubuta bayanan duk wanda ya yi magana. Bayan jawaban buɗe taro, jami'an gwamnati suka fara, sai ƙungiyoyin ƙwararru, kowa da mintocin da aka ɗibar masa. Wakilin 'yan kasuwar nan dattijo ne mai furfura, ya kwana a mota, ya iso da takardarsa a ninke cikin aljihun gaba na rigarsa. Ya same ni a teburin rajista ya ce: "'Yata, ke ce kika kira mu? Ni fa ba na jin Turanci sosai." Na ce: "Ni ce, Baba. Ka faɗi maganarka da Hausa, na sanar da akawu, kuma takardarku tana gaban kowane ɗan majalisa." Da aka kira shi, ɗakin ya riga ya ragu, 'yan jarida da yawa sun fita. Ya yi magana a tsaye, bai duba takarda ba, ya faɗi kuɗin mota daga garinsu zuwa Abuja da dawowa, ya faɗi ribar da yake samu a kan kwalbar magani ɗaya, ya bar 'yan majalisa su yi lissafin da kansu. Wani Honarabul daga Arewa ya fassara wa abokan aikinsa, shugaban kwamiti kuma ya juya ga wakilin hukumar ya tambaye shi ko suna da ofisoshi a jihohi. Ya amsa cewa suna da su a wasu jihohin. Na rubuta tambayar da amsar kalma bayan kalma, domin na lura cewa amsar da jami'i ya bayar a bainar jama'a tana da nauyi a zaman da zai biyo baya.

Zaman da ya biyo bayan shi ne na bin ƙudiri sashe-sashe, a ƙaramin ɗaki, da 'yan kwamiti da akawu da lauya mai tsara lafazin doka. Mai koyon aiki ba ya magana a irin wannan zama sai an tambaye shi, kuma haka ya dace, domin ba shi aka zaɓa ba. Ina zaune a baya da kwamfuta ina cike gida na huɗu. Da aka iso sashen rajista, Hajiya ta karanta abin da ke gida na uku, har da amsar wakilin hukumar. Aka yi 'yar muhawara a kan ko buɗe rajista a jihohi zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi, daga ƙarshe aka amince a ƙara cewa ana iya yin ta a kowane ofishin hukumar ko ta intanet. Aka kuma saka sabon sashe da ya ba waɗanda ke cikin sana'ar wa'adin yin rajista kafin hukunci ya fara aiki. Buƙatar rage tara ba ta samu karɓuwa ba. 'Yan kwamiti sun ce ƙaramar tara ba za ta tsorata manyan masu shigo da jabu ba, kuma ko da yake na so a bambanta tsakanin babban dila da mai tebur a kasuwar ƙauye, hujjarsu ba ta banza ba ce.

Rubuta rahoto ya ɗauke mu lokaci fiye da yadda na zata. Ana haɗa tarihin miƙo ƙudirin, da sunayen 'yan kwamiti, da jerin waɗanda suka aiko da ra'ayi, da abin da aka gano, da jadawalin, sannan a fitar da tsaftataccen kwafin ƙudirin kamar yadda aka gyara shi. Ni da wani ma'aikaci muka zauna, ɗaya na karantawa da ƙarfi ɗaya na bi da yatsa, domin ƙara sabon sashe yana sauya lambobin duk sassan da ke bayansa, kuma duk inda wani sashe ya yi nuni ga wani sai an gyara lambar. Shugaban kwamiti ya gabatar da rahoton a zaure, aka sa masa ranar dubawa. A ranar majalisa ta rikiɗe zuwa kwamitin kowa da kowa, aka sauke sandar majalisa zuwa mazauninta na ƙasa, Mataimakin Kakaki ya jagoranci zaman, ana kiran sassa da lambobinsu ana amincewa. Abin da ya ci mana makonni ya wuce cikin ɗan lokaci kaɗan. Duk da haka wannan mataki ba na ado ba ne, domin sashe na 62 na kundin tsarin mulki ya hana majalisa miƙa wa kwamiti ikon yanke hukuncin ko ƙudiri zai zama doka. Kwamiti shawara yake bayarwa, kuma kowane mamba yana da damar tsayar da sashe ya nemi a sauya shi. Bayan haka aka yi karatu na uku.

A tsakanin waɗannan na taɓa wasu ayyukan. Na taimaka wajen jera takardun kare kasafin kuɗi, inda kowace hukuma ke zuwa ta bayyana abin da aka ware mata a bara, da abin da aka sakar mata, da abin da ta kashe, na kuma koyi cewa tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi uku ita ce tushen yawancin tambayoyin 'yan majalisa. Na rubuta daftarin wasiƙun gayyata da ke dogaro da ikon bincike da sassa na 88 da 89 na kundin tsarin mulki suka bayar. Amma babu wanda na bi daga farkonsa kamar wancan ƙudiri.

Lokacin da wa'adina ya ƙare, an riga an aika da shi Majalisar Dattawa domin neman amincewarta. Sauran tafiyar sananniya ce. Idan dattawa suka zartar da shi da wani lafazi daban, sai an kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita kwafin biyu. Daga nan Akawun Majalisar Ƙasa ya miƙa wa Shugaban Ƙasa, wanda sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana ƙin amincewarsa. Idan ya ƙi, majalisun biyu na iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku ya zama doka, kamar yadda aka yi wa dokar Hukumar Raya Yankin Neja Delta a shekarar 2000 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, amma hakan ba ya yawan faruwa. Ƙudirin da bai kammala tafiyarsa ba har wa'adin majalisa na shekara 4 ya cika kuwa, sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa.

A takardar miƙa aiki na lissafa fayilolin da ke hannuna da inda kowanne ya tsaya, na haɗa da samfurin sanarwar gayyatar ra'ayi da na rubuta da Hausa, tare da shawarar a riƙa aika irinta gidajen rediyo idan ƙudiri ya shafi manoma da ƙananan 'yan kasuwa, tunda waɗancan mutanen ma a bakin wani dila suka ji labari, ba a jarida ba. Da izinin Hajiya na kira dattijon na karanta masa abin da ya shiga rahoto da abin da bai shiga ba, na bayyana masa cewa har yanzu ba doka ba ce, kuma idan Majalisar Dattawa ta miƙa ƙudirin ga kwamitinta suna da damar sake rubutowa a kan batun tara, su ambaci lambar sashen a saman takardarsu, su kuma aika kwafi ga sanatan yankinsu. Ya sa ɗansa ya ɗauko biro, na maimaita masa lambar ƙudirin da ta sashen har ya rubuta su daidai.